Gwajin Jinin Gidan Malam Barau

Ciwon kai ne ya fara kai Husaina asibitin Likita Mukhtar. Ya daɗe yana damunta. In ta idar da sallar asuba sai ta ji ƙeyarta ta yi nauyi kamar an ɗora mata tulu, wani lokaci har ganinta ya dushe. Ta sha jiƙe-jiƙe, ta sha 'yan ƙwayoyin kemis, abin ya lafa ya sake dawowa. Ba ta gaya wa kowa ba, sai ranar da jiri ya kwashe ta a bakin murhu, surukarta Jidda ta tare ta kafin ta faɗa kan tukunya.

Husaina matar marigayi Malam Barau ce, a Birnin Tudu ta ƙasar Bakura. 'Ya'yanta uku suka rayu. Babban shi ne Abdulrashid, mijin Jidda, wanda ya gaji zauren karatun mahaifinsa da gonarsa ta noman rani a filayen Bakolori. Sai Kausar da ke aure a Maradun, sai autansu Magaji, mai bin motocin albasa zuwa kudu. Abdulrashid ɗan fari ne, don haka ba ta kama sunansa, ba ta kuma zama su yi doguwar hira. In za ta ambace shi sai ta ce Malam Ƙarami. Dogo ne mai ƙirar ƙarfi, yana ɗaga buhun albasa shi kaɗai ya ɗora a amalanke, kuma rabonsa da kwanciya ciwo tun yana yaro.

Da Jidda ta gaya masa abin da ya faru, bai tsaya gardama da kowa ba. Ranar Talata da safe ya tayar da babur ya ce, "Inna, ki shirya, Mafara za mu." Ta ce ai ta ji sauƙi. Ya ce ya ji, amma dai ta shirya.

Asibitin ba babba ba ne. Gida ne mai 'yan ɗakuna a bayan kasuwa, da rumfar kwano da bencina a tsakar gida. Likita Mukhtar ɗan garin ne, ya yi shekaru yana aiki a Gusau kafin ya dawo gida ya buɗe wurin. Ba ya ware babba da yaro. Mai ciki ta zo awo, jariri a kawo shi rigakafi, tsoho ya zo a auna masa jini da suga, duk shi ke ganinsu, har mutane suka riƙa ce masa likitan iyali. An san shi da yawan tambaya. Wasu ma suna ƙorafin cewa ka je da ciwon ƙafa sai ya tambaye ka abin da ya kashe kakanka.

Da layi ya zo kansu, likitan ya miƙe ya tarye su. "Inna, sannunku da zuwa. An zo lafiya? Ƙaƙa gida, ƙaƙa iyali? Ƙaƙa mutanen Birnin Tudu?" Suka gaisa har gaisuwa ta ƙare, sannan ya ɗaura mata abin awo a damtse. Jininta ya hau sosai. Ya gaya mata haka, ya ce abu ne da ake iya riƙewa da magani da rage gishiri. Daga nan ya gyara zama ya fara tambayoyinsa.

"Mahaifiyarki tana raye?"

"Ta daɗe da rasuwa. Ina goyon Malam Ƙarami ta rasu."

"Allah ya jiƙanta. Mi ya same ta?"

"Cikinta ya kumbura, idonta ya yi ɗorawa. Aka ce shawara ce ta yi mata yawa."

"A cikin 'yan'uwanki akwai wanda ya yi irin wannan ciwo?"

Husaina ba ta son tuna Jafaru. "Ƙanena. Yana saurayi, bai ma yi aure ba. Shi kuma aka ce sammu ne, saboda rigimar gona da suka yi da wasu mutane."

Likitan ya ajiye bironsa. Ya ce akwai wata ƙwayar cuta da ke zama a hanta, tana iya shekaru a jikin mutum bai ji ko gezau ba, kuma takan bi gida ɗaya. Ya ce yana son ya gwada ta, ɗigon jini ɗaya ne a yatsa, ba a daɗewa ake ganin sakamako. Ya dubi Abdulrashid ya ce, "Kai ma tunda ka zo, da ka bari an duba ka."

Abdulrashid ya yi dariya. "Likita, ni da na kawo mara lafiya? Ni lafiyata lau."

"Masu lafiya muke gwadawa, Malam. Mara lafiya ai ya riga ya gwada kansa."

Husaina ta ga ma'aikaciyar jinya ta fito da allura, ta janye hannunta cikin mayafi. Ganin haka Abdulrashid ya miƙa nasa yatsan. "To a fara da ni, Inna ta ga ba zafi."

Suka koma benci suka zauna. Abdulrashid ya fita ya sayo mata fura, ya tsaya yana hira da wani dillali a kan farashin albasa. Da aka sake kiransu, likitan ya tambaya ko kowa yana son ya ji nasa shi kaɗai. Suka ce a faɗa musu tare. Ya ce dukkansu biyu suna ɗauke da ƙwayar cutar.

Ya fara duba Husaina, ya danna cikinta, ya haska shi da na'urar hoto, ya ce hantarta da sauran kyau, za a riƙa sa mata ido. Sannan ya sa Abdulrashid ya kwanta. Ya sa hannu a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama, ya danna, ya sake dannawa. Husaina tana kallon fuskar likitan, ta ga murmushinsa ya tafi.

"Nan wurin ba ya yi maka nauyi?"

"Yakan yi, in na yini a duƙe ina dashe. Ai gajiya ce."

"Ba ka lura ka rame ba?"

Abdulrashid ya ce, "Jidda ta ce wandunana sun yi mini yawa. Na ɗauka aikin rani ne."

Likitan ya daɗe yana yawo da kan na'urar a cikinsa, yana kallon allon. Da ya gama ya ce ya ga wani ƙulli a hantar, kuma ba zai iya yanke hukunci a nan ba. Ya ce lallai ya tafi babban asibiti a Sakkwato cikin makon nan, kada ya jira a cire albasa. Suka kama hanyar komawa. Husaina tana bayan babur, tana kallon faɗin bayan ɗanta, tana ce wa kanta mutum mai irin wannan jiki ba abin da zai same shi.

Magaji ne ya raka shi Sakkwato. Sun yi kwanaki ana gwaje-gwaje. Da suka dawo ba su wuce gida ba, sai da suka tsaya a Mafara, Abdulrashid ya ce wa Likita Mukhtar ya fassara masa da Hausa abin da likitocin can suka faɗa, kada ya ɓoye masa komai. Da la'asar ya shigo gida, ya yi sallama a ƙofar ɗakin mahaifiyarsa, ya zauna a kan tabarma nesa da ita kamar yadda ya saba.

"Inna, ciwon daji ne. Ya kama hantar wuri fiye da ɗaya. Sun ce ya wuce a yanka."

"Magani fa?"

"Akwai na rage zafi. Akwai wanda zai ɗan ja lokaci. Na warkewa sai wajen Allah."

Ta ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ta sake faɗa. Tana so ta tashi ta dafa kansa, amma kunyar shekara da shekaru ta riƙe ta a inda take. Shi ne ma ya riƙa ba ta haƙuri, yana cewa kowa da ranarsa, mahaifinsa Malam ma da ya rasu ba ciwon hanta ya yi ba.

Magaji bai karɓi maganar haka ba. A tsakar gida ya tsaya yana ɗaga murya. "Yayana ya shiga asibitin nan da ƙafarsa, shina dariya. Wa ya ce musu shina ciwo? Su suka tono abin da ke kwance. Tun ranar da aka soka masa allura bai ƙara cin abinci da daɗi ba." Da aka ce likita ya nemi a kawo kowa na gidan a gwada, sai ya ce shi kam ba wanda zai taɓa jininsa. In akwai abu a jikinsa, ya fi son ya mutu bai sani ba.

Jidda ta kai kanta da yaranta biyu. Ba a sami cutar a jikinsu ba. Yaran an yi musu rigakafinta tun suna jarirai, ita kuma aka fara yi mata a ranar. Wannan labari ya faranta ran Abdulrashid, amma Husaina sai ya sa ta tunani. Matarsa ba ta da shi. 'Ya'yansa ba su da shi. Ita ke da shi, da ɗan da ta haifa. Mahaifiyarta ta mutu da kumburin ciki, Jafaru ma haka. Ba ta yi karatun boko ba, amma ta iya bin sawu.

Ranar da ta koma karɓar maganin hawan jini, ta ce wa mai babur ɗin da ya kawo ta ya jira a waje. Bayan an auna ta, ba ta tashi ba.

"Likita, ina son in tambaye ka, kuma don Allah ka gaya mini gaskiya. Ni na ba shi?"

Likita Mukhtar ya ce, "Inna, ana samun cutar ta hanyoyi da dama. Askar wanzami in an yi wa wani an yi wa wani ba a canza ba, kaciya, tsaga, allurar da aka maimaita. Ba wanda zai iya rantsewa ta ina ta shiga."

"Ba wannan na tambaye ka ba."

Ya dube ta. "Abin da ya fi yawa a ƙasarmu shi ne daga uwa zuwa jariri, wajen haihuwa. Yadda na ga gidanku, ya fi kama da haka. Ke ma ina jin haka kika same ta daga taki mahaifiyar. A lokacin da kika haife shi ba gwaji a ƙauye, ba rigakafi. Ba ki sani ba, kuma ba yadda za a yi ki sani."

Ta sunkuyar da kai, hawaye na zuba a kan mayafinta. "Ni tsohuwa ta bar ni, ta kama shi."

Ya bar ta ta yi kukanta, bai katse ta ba. Da ta share fuska ya ce, "Kin ce kina da ɗiya a Maradun."

"Kausar. Tana da ciki ma, ya fara nauyi."

Likitan ya matso da kujerarsa. "To ita nake son gani, kuma ba da daɗewa ba. In tana da cutar, akwai abin da za mu iya yi wa abin da ke cikinta. Na Malam Ƙarami mun makara. Wannan ba mu makara ba."

An aika wa Kausar saƙo ta waya, amma mijinta ya ce ba zai sa mace mai ciki a hanya ba saboda gwajin da ba ta nema ba, ga hanyar ba ko yaushe take da lafiya ba. Ya kuma ji labarin abin da gwaji ya jawo wa wanta. Husaina ba ta taɓa kwana a gidan suruki ba, ko ruwa ba ta cika sha a can ba. Amma da safe ta shiga motar Maradun ita kaɗai. Ta sami surukin nata a ƙofar gida, ya durƙusa yana gaishe ta, ita kuma ta ƙi shiga ciki.

"Ɗana, ban zo zama ba. Na haifi ɗa na ba shi ciwo ban sani ba, ga shi can shina ƙarewa a gabana. Ita wannan in ta ba nata, da saninmu za ta ba shi. Ka ba ni ita yini ɗaya."

Ya shiga ya ce wa Kausar ta ɗauko mayafinta. Shi da kansa ya rako su har Mafara.

Kausar ma tana ɗauke da cutar. Aka ɗebi jininta aka aika Sakkwato, sakamako ya dawo cewa ƙwayar tana da yawa a jikinta, ko da yake hantar ba ta taɓu ba. Likita Mukhtar ya ɗora ta a kan magani, ƙwaya ɗaya kullum, ya ce kada ta haihu a gida, domin akwai allurar da za a yi wa jaririn a ranar da ya faɗo, ba washegari ba, ba ranar suna ba. Aka shirya in watan haihuwa ya kama za ta dawo Mafara ta zauna a gidan wata gwaggon mijinta, kusa da asibitin.

A Birnin Tudu kuwa labari ya bazu. Aka ce ciwon ana ɗaukarsa ta zufa, ta kwanon abinci, har ta musafaha. Iyaye suka fara janye yaransu daga zauren karatu, ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa. Masu zuwa dubiya sukan tsaya daga bakin ƙofa su ce Allah ya sawwaƙe. Wata maƙwabciya ta ba Jidda shawara ta ware masa kwano da moɗa, ita kuma cikin tsoro ta ware. Husaina ta ga yadda Abdulrashid yake kallon kwanon in an ajiye masa shi a gefe, ta san wannan ya fi ciwon cin ransa.

Likita Mukhtar yakan zagaya marasa lafiyarsa da ba sa iya zuwa, ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Da ya zo Birnin Tudu ya tarar da dattawa biyu a zaure sun zo dubiya, suna zaune can bakin ƙofa, Abdulrashid kuma yana jingine da bango, kwanonsa na tuwon shinkafa a gabansa bai taɓa ba. Likitan ya ba shi hannu, ya zauna a tabarmarsa, ya duba idonsa da ƙafafunsa da suka fara kumbura, ya canza masa maganin zafi. Sannan ya ce shi fa bai ci komai ba tun safe. Ya wanke hannu, ya jawo kwanon tsakaninsu, ya ce bismillah. Abdulrashid ya dube shi, ya sa hannu shi ma. Suna ci likitan yana yi wa dattawan bayani cewa ta jini ake ɗauka, ba ta tuwo ba, ba ta gaisawa ba, abin da za a kiyaye shi ne reza da aska da abin yanke farce. Ɗaya daga cikin dattawan ya matso kusa. Ɗayan bai matso ba. Bayan 'yan kwanaki wasu yaran suka dawo karatu, ba duka ba.

Abdulrashid ya ci gaba da biya musu karatu yana kishingiɗe, har muryarsa ta daina kaiwa ƙarshen zaure. Albasarsa ta nuna, Magaji da maƙwabtan gona suka cire masa. Ya so a kai shi ya gani, aka ɗora shi a amalanken shanu aka kai shi bakin gonar da hantsi. Ya zauna a gefen magudanar ruwa yana kallon tulin albasar, ya ɗauki ɗaya ya juya ta a hannunsa ya ce ta yi kyau bana. Hannun nan da ke ɗaga buhu, yanzu albasa ɗaya ma rawa yake da ita. Magaji ya juya baya ya yi kamar yana gyara igiyar shanu.

Da jikin ya ƙara tsanani, Husaina ta kwashe tabarmarta ta koma ɗakinsa da yini. Ita ke ba shi kunu da cokali, ita ke juya shi in gefe ɗaya ya gaji. Tun yana jariri, da kakarsa ta wajen uba ta karɓe shi bayan yaye, ba ta ƙara taɓa jikinsa haka ba. Wata rana da azahar, tana shafa masa mai a ƙafa, ta kasa riƙe abin da ke ranta.

"Ka yafe mini. Ciwon nan daga jikina ya fito. Kuma ni na sa ka je asibitin. Da ban yi jiri ba, da ka ci sauran kwanakinka ba ka san komai ba, kamar yadda Magaji ke faɗa."

Ya buɗe ido, farin ya koma ɗorawa. "Inna, mi za ni yafe? Jinin da kika ba ni da shi na yi girma, na yi karatu, na yi noma, na haifi ɗiya. In akwai wani abu a cikinsa, Allah ya sa shi, ba ke ba." Ya numfasa. "Maganar Magaji kuma, ni ma na yi wannan tunani. Akwai ranakun da na ce da ban miƙa yatsana ba. Amma da ban sani ba, da faɗuwa kawai zan yi a gona wata rana, a ce sammu ne, a je a zargi bawan Allah, kamar yadda aka yi na Kawu Jafaru. Kausar kuma ta haihu a ɗaki ba wanda ya sani. Na sami lokacin da na nemi gafarar mutane, na yi wa Jidda magana, na zaɓi wanda zai riƙe zaure. Ba kowa ke samun haka ba."

Ya nemi a kira masa Magaji. Da ya shigo, ya riƙe hannunsa ya ce, "Auta, ka je a duba ka. Ba don ni ba, don Inna." Magaji ya ce to, yana kuka. Amma bai je ba.

Abdulrashid ya rasu wata safiya a farkon damina, bayan an yi ruwan shuka. Likita Mukhtar ya zo jana'iza, ya tsaya a sahu tare da mutanen gari. Da ya shigo yi wa mata ta'aziyya, Husaina ta amsa masa kamar yadda ta amsa wa kowa. A ranta ba ta san ko godiya take masa ko haushinsa take ji ba. Shi ne mutumin da ya fara ganin mutuwar ɗanta, kuma duk lokacin da ta ga fuskarsa sai ta tuna ranar.

Ba a yi arba'in ba naƙuda ta kama Kausar a Mafara. Husaina tana wurin. Aka haifi mace, ƙarama amma mai ƙarfin kuka. Ba a ma gama gyara uwar ba ma'aikaciyar jinya ta zo da allurai, ta yi wa jaririyar a cinya. Yarinyar ta tsala ihu, Husaina ta karɓe ta ta rungume, ta ji nata hawayen na zuba a kan zanen goyon. Matan da ke ɗakin suka ɗauka na murna ne. Ita kanta ba ta iya rabewa ba. Abin da take gani shi ne ƙanƙantar allurar. Ɗan wannan abu ne babu a ɗakin da ta haifi Malam Ƙarami.

Aka raɗa wa yarinyar suna Khairat. Aka ci gaba da kai ta rigakafi a kan lokaci, uwarta kuma tana zuwa a duba hantarta. Da yarinyar ta kusa shekara, ta fara miƙewa tana dafa bango, Likita Mukhtar ya ce lokaci ya yi da za a gwada ta. Husaina ta zo daga Birnin Tudu, Kausar ta zo daga Maradun, suka haɗu a ƙarƙashin rumfar kwano. Aka soki yatsan yarinyar, suka zauna jira. Da likitan ya kira su, tun daga bakin ƙofa ya ce, "Ba ta da shi." Kausar ta durƙusa a wurin tana hamdala. Husaina ta ce alhamdulillahi a hankali, ta nemi kujera ta zauna.

Likitan ya auna mata jini, ya ce ya sauka, ta ci gaba da maganin. Ya haska hantarta, ya ce tana nan yadda take. Yana naɗe abin awon ya tambaya, "Inna, ina labarin Magaji?"

"Shina kudu da motar albasa. Yakan kira."

"Bai ce zai zo ba?"

"Na yi magana har na gaji. In na tayar da zancen sai ya ce waya ba ta ji." Ta gyara mayafinta. "An sa masa rana bayan Sallah babba."

Likitan ya ce, "In ya dawo ki ce masa ba sai ya zo nan ba in wurin nan ne ba ya so. Ko'ina aka yi gwajin ɗaya ne. In ya fi so, ni zan je gida in same shi. Yarinyar da zai aura kuma a kawo ta a yi mata rigakafi tun kafin biki."

"Yarinyar zan iya kawo ta," in ji Husaina. "Shi kam sai addu'a."

Suka fito. Kausar ta goya Khairat, ta raka mahaifiyarta tasha, don kowa yana son ya kama hanya tun rana ba ta yi sanyi ba. Motar Maradun ta riga cika, Kausar ta shiga, yarinyar tana leƙen kakarta ta taga har suka sha kwana. Husaina ta tsaya ita kaɗai da ledar maganinta a hannu, tana jiran mai babur da zai kai ta Birnin Tudu.